Zaɓen akwatin kwamfuta na kwance: jagora ga mai haɗa tasa da hannunsa a Kaduna

Mafi yawan masu haɗa kwamfuta da kansu sai sun gama sayen firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) da madabod (babban allon da ake jona sauran kayan a kansa) da RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kai) sannan akwati ke faɗo musu a rai, su ɗauki duk wanda canjin da ya rage zai iya saya. In akwatin na tsaye ne, galibi akan wanye lafiya, saboda cikinsa da yalwa. Na kwance ba haka yake ba. Rabin santimita ya isa ya hana murfi rufuwa, ka zauna da kaya masu tsada a baje kan tebur, ga shi mai shago ya ce ba ya karɓar abin da aka riga aka fasa kwalinsa. Don haka a wannan harka awo ne ke gaba da ciniki. Ka tanadi tef irin na kafinta da 'yar takarda da biro, domin kusan kowane mataki a nan lamba ce za ka rubuta ka sa a aljihu.

Kwamfuta a kwance ba sabon abu ba ne. Wadda IBM ta fitar a 1981 a haka ta zo, da monita a ɗore a kanta, kuma har gobe irinta ce ta cika ofisoshi da cibiyoyin jarrabawa. Amfaninta a bayyane yake: tana shiga ƙarƙashin monita ko cikin kantar talabijin, ba ta zama a ƙasa inda ƙurar shara da ruwan goge ɗaki ke samunta. Akwai kuma wani amfanin da ba a cika lura da shi ba. A akwati na tsaye madabod a jingine take, fankar firosesa da katin girafik (mai sarrafa hoton da ke zuwa monita) suna rataye a jikinta, nauyinsu yana jan ta gefe. A na kwance madabod na shimfiɗe, nauyin yana sauka a kanta kai tsaye. Mai ɗaukar kwamfuta a mota ko a Keke zuwa wurin biki ko taro, irin masu haɗa bidiyo da masu kula da sauti, shi ya fi kowa cin moriyar wannan, domin gargadar hanya ba ta girgiza katin a raminsa.

Amma in abin da kake so ka haɗa babbar na'urar wasa ce mai katon kati da firosesa mai cin wuta, kuma kana da fili a gefen tebur, shawarata ka sayi na tsaye ka huta. Ya fi samuwa a kasuwa, ya fi araha, ya fi sauƙin sanyayawa. Wanda ya riga ya yanke cewa na kwance ne zai yi masa, sai mu ci gaba.

Mataki na farko: auna wurin da zai zauna

Tun kafin ka duba hoton wani akwati, je ka auna inda za ka ajiye shi: faɗi, zurfi, da tsayi in cikin kanta ne. A kan zurfin ka ware santimita 8 zuwa 10 a baya, saboda kan wayar wuta da ta monita da kebul ɗin intanet duk baya suke fitowa, kuma ba sa son a tanƙwara su da ƙarfi. A kowane gefe ka bar aƙalla faɗin yatsu uku, domin yawancin akwatunan kwance ta gefe suke shan iska.

Waɗanda aka ƙera don falo faɗinsu yakan kai santimita 43 zuwa 44, daidai da na amfilifaya da tsofaffin na'urorin DVD, don su jeru tare. Misali, SilverStone GD09 faɗinsa milimita 440 ne, tsayi 170, zurfi 358. Kantocin talabijin da kafintocinmu ke yi sau da yawa ba su da wannan zurfin, sa'annan bayansu a toshe yake da falanki, gabansu kuma gilashi. Kwamfutar da aka kulle a irin wannan wuri iskar da ta fitar ita za ta sake shaƙa. In kantar ka ce, kira kafinta ya yanke falankin bayan gaba ɗaya a daidai wannan gurbin, ba 'yar huda ta waya kawai ba. In kuwa ba ka da inda ya dace, masu walda a Panteka za su haɗa maka ɗan teburin ƙarfe buɗaɗɗe ta ko'ina bisa awon da ka kai musu.

In monita za ka ɗora a kansa, duba abu biyu: murfin ya zama mai kauri da ba ya lotsawa, kuma kada ya zama ta sama akwatin ke shan iska, don gindin monitar zai toshe hujojin.

Mataki na biyu: girman madabod

Girma uku ne za ka ci karo da su. ATX, wanda Intel ta fito da shi a 1995, milimita 305 ne da 244, kuma akwatinsa na da ramukan kati har bakwai a baya. Sai microATX, 244 da 244, ramuka huɗu. Sai Mini-ITX, 170 da 170, mai ramin kati ɗaya tal. Ƙaramar madabod tana zama a babban akwati, domin hujojin sukuru sun dace da juna, amma babba ba ta shiga ƙarami ko da me za ka yi.

Ga mai haɗawa a Kaduna, microATX na fi ba da shawara. Ita ta fi yawa a hannun 'yan kasuwa, sabuwa da ta hannu, farashinta da dama, kuma in ta lalace ba sai ka yi wata guda kana jiran saƙo daga waje ba. Mini-ITX tana da kyau a ido, akwatinta ɗan mitsitsi, amma ita da duk abin da ke tafiya da ita tsada ne da su, kuma ramin RAM biyu kawai take da shi.

A nan ne tarkon da ya fi kama mutane yake, don haka bari in ɗan tsaya. Akwatunan kwance da suka fi yawa a garin nan ba waɗanda aka yi don masu haɗawa ba ne. Ragowar kwamfutocin ofis ne 'yan tokumbo, irin su Dell OptiPlex, HP ProDesk da EliteDesk, da Lenovo ThinkCentre. Ƙarfensu mai kyau ne, sun fi sabbin akwatuna masu araha ƙwari nesa ba kusa ba, kuma in cikinsu ya mutu akan sayar da gangar jikin da kuɗi kaɗan. Sai mutum ya ce ai ga akwati ya samu. Matsalar ita ce da yawansu kamfanin ya ƙera su ne don madabod ɗinsa kaɗai. Hujojin sukuru ba sa faɗawa inda na microATX suke. Tagar baya, inda ramukan USB da na monita ke leƙowa, a wasu an huda ta ne a jikin ƙarfen, ba faranti ne mai cirewa ba. Wayar maɓallin kunnawa tana da kanta na daban. Fawa-fak ɗin ma, wato na'urar da ke raba wa kayan ciki wuta, a sababbinsu kan wayarsa mai fil shida ne ko takwas, maimakon fil 24 da madabod ɗin kasuwa ke buƙata.

Yadda za ka gane a tsaye a shago: juya bayansa ka dubi tagar. In faranti ne mai kusurwa huɗu da ake turawa ya fita, da alamar alheri. Buɗe murfi ka ƙirga filolin babbar wayar fawa-fak. Mafi dacewa kuma, ka zo da madabod ɗinka a kwalinta, ko ka zana girmanta da hujojinta a kan kwali ka yanka, ka shimfiɗa a ciki ka ga ko sun hau. In ba su hau ba, kada ka yarda a ce maka "za a yi dabara". Dabarar ita ce huda ƙarfe da yanke waya, kuma ɗan ɓurɓushin ƙarfe ɗaya da ya maƙale a ƙarƙashin madabod ya isa ya ƙona ta. In kana son irin waɗannan kwamfutoci, saye su da ransu, ka ƙara RAM da SSD (ma'ajiyar bayanai mai sauri), za su yi maka aiki shekaru. Wannan hanya ce mai kyau, sai dai ba ita ce haɗawa daga tushe ba.

Mataki na uku: tsayi, wanda shi ne komai

Abin da yake faɗi a akwati na tsaye, shi ya koma tsayi a na kwance, kuma shi ake matsewa don akwatin ya yi kyan gani. Duk wani akwatin kirki, kamfaninsa na rubuta lambobi biyu: iyakar tsayin fankar firosesa, da iyakar tsawon katin girafik. In mai sayarwa bai san su ba, nemi sunan samfurin ka duba a shafin kamfanin da wayarka, ko ka zura tef da kanka daga kan ƙusoshin da madabod ke zama zuwa bakin murfi, ka cire kimanin santimita ɗaya na kaurin madabod da firosesa.

Akwatunan sun kasu gida biyu. Akwai sirara, masu tsayin santimita 9 zuwa 11, akwai masu jiki, daga 15 zuwa 18.

Fara da fankar firosesa. Masu tsayin nan da aka saba gani, irin su Cooler Master Hyper 212, sun haura milimita 150. Noctua NH-D15 ta kai 165. Ko GD09 da yake cikin masu jiki, milimita 138 ce iyakarsa, wato babu ɗaya a cikin biyun da za ta shiga. A sirara abin ya fi tsanani: Fractal Design Node 202 milimita 56 yake ɗauka, Fractal Ridge kuma 70. Nan sai fanka mai kwanciya, wadda ke hura iska ƙasa kan firosesa, irin Noctua NH-L9i mai milimita 37, ko waɗanda ke zuwa a kwalin firosesa na Intel da AMD. Kuma kada ka cika ma'auni fal. Fankar da ta manne da murfi, in babu hujoji a daidai samanta, ba ta samun abin shaƙa, sai ƙara. Bar mata ko da santimita ɗaya.

Wannan lambar ita za ta gaya maka irin firosesar da ta dace. Ƙaramar fanka tana iya riƙe firosesa mai wat 65, irin Core i3, Core i5 marar K a ƙarshen suna, ko yawancin Ryzen 5. In ka ɗora mata mai cin ninkin haka, firosesar za ta kai digiri 95 ko 100 ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, ka biya kuɗin ƙarfin da ba za ka taɓa mora ba. Ka kuma lura da RAM: masu dogon kambu da fitilu sukan tokare fankar da ke kwanciya a kansu. Sayi gajeru marasa ado.

Sai katin girafik. A akwati na kwance katin a tsaye yake kan madabod, saboda haka tsayinsa ma abin awo ne, ba tsawo kaɗai ba. Ƙarfen da ke riƙe cikakken kati a bayan akwati kimanin milimita 120 ne, na gajeren kati kuma kimanin 80. Yawancin siraran akwatuna gajere kawai suke karɓa. Gajerun katuna suna nan, kamar GT 1030, da wasu samfuran GTX 1650, RX 6400 da RTX 3050 mai 6GB, kuma yawancinsu daga ramin madabod suke shan wuta, wanda iyakarsa wat 75 ne, ba sa buƙatar wata waya. In na hannu za ka saya, tabbatar an haɗo maka da gajeren ƙarfen, domin shi ne abin da ya fi ɓacewa, kuma nemansa shi kaɗai wahala ne.

A masu jiki cikakken kati na shiga, amma ga inda ake tuntuɓe: ramin wutar katin a samansa yake, wato yana kallon murfi. Katin zai zauna daram, ka zo sa waya ka tarar babu inda kanta zai bi. Katunan zamani da yawa sun ɗara ƙarfensu tsayi da santimita biyu ko uku, sai ka ƙara wasu uku na kan waya da lanƙwasarta. Haɗa lissafin nan tun a gida. Tsawo kuma, GD09 na ɗaukar milimita 309, Node 202 kuma 310, alhali manyan katuna masu fanka uku da dama sun wuce haka.

Wasu sirara, irin Node 202 da Ridge, suna kwantar da cikakken kati a ɗakinsa daban ta hanyar wani mahaɗi da ke tsakanin katin da madabod. Tambayi ko mahaɗin na PCIe 3.0 ne ko 4.0, wato tsohon tsarin ramin kati ko sabo. In tsohon ne kuma katin da madabod sababbi ne, allo na iya ƙin kawo hoto har sai an shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, an mayar da ramin zuwa Gen 3, wato tsarin 3.0.

In aikinka rubutu ne, lissafin shago, kallo da karatun yara, kada ka wahalar da kanka da kati sam. Ɗauki firosesa mai girafik a cikinta, kamar Ryzen mai G a ƙarshen suna ko Intel marar F. Zafi ya ragu, cin wuta ya ragu, inbata ko UPS ɗinka ya ƙara jimawa.

Mataki na huɗu: fawa-fak

Shi ma girma-girma ne. Na ATX faɗinsa milimita 150, tsayi 86, tsawo daga 140 zuwa sama. SFX 125 ne da 63.5 da 100. TFX dogo ne siriri, 85 da 65 da 175, shi ake samu a sirara da yawa. Ka fifita akwatin da ke ɗaukar na ATX in wurinka ya ba da dama, saboda dalili ɗaya: fawa-fak shi ne abin da ya fi saurin mutuwa a inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa, ana sauyawa tsakanin layi da janareto. Na ATX in ya mutu da safe, kafin la'asar ka samo wani a cikin gari. SFX ko TFX mai kyau kuwa sai an aiko maka daga Legas, ko ma daga waje.

Akwatuna masu araha sukan zo da nasu fawa-fak a ɗaure. Ɗaga shi a hannu. In ka ji shi sakayau kamar babu komai a ciki, lambar wat da aka manna masa ba abin dogaro ba ce. Araha ba ta ado, kuma wannan in zai tafi ba ya tafiya shi kaɗai, yakan ja madabod ko had-disk. Nemi na sanannen kamfani mai tambarin 80 Plus, shaidar cewa ba ya ɓarnar wuta da yawa.

Ga wani abu da nake roƙon kowa ya duba da idonsa. A bayan tsofaffin fawa-fak, kusa da ramin wayar wuta, akwai ɗan jan maɓalli da ake turawa gefe, an rubuta 115 a ɓangare ɗaya, 230 a ɗayan. Wutar Amurka 120 ce, tamu 230. Kayan da aka kwaso daga can sau da yawa a kan 115 suke isowa. In ka soka shi a haka, ƙara ɗaya za ka ji, sai hayaƙi da ƙauri. Kafin wayar ta taɓa soket, sa bakin sukurudireba ka tura shi har 230 ta fito sarai. Sababbi masu kyau ba su da maɓallin, an rubuta musu 100 zuwa 240, suna daidaita kansu, kuma sun fi jure wuta in ta yi ƙasa.

Mataki na biyar: iska da ƙura

Waɗanda suka zana akwatunan nan ba da yanayinmu suka yi lissafi ba. A Maris da Afrilu zafin rana a Kaduna yakan haura digiri 35, ɗakin da ke ƙarƙashin kwano ba silin mai kyau kuma ya fi waje zafi. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin take turawa, saboda haka duk digirin da ɗaki ya ƙaru, firosesa ma ta ƙaru da shi. Gwajin da ka gani a intanet galibi an yi shi ne a ɗaki mai kimanin digiri 22, ka ɗora masa goma ko fiye kafin ka kwatanta da naka. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma hunturu ne, da ƙurarsa mai laushi wadda ke ratsa ko'ina. Wanda ke zaune a bakin titin da ba kwalta, a Rigasa ne ko wani lungu na Tudun Wada, shi duk rani haka yake fama.

Abin da za ka nema a akwatin ke nan. Na ɗaya, gurbin fanka mai milimita 120, aƙalla biyu. Babbar fanka tana tura iska mai yawa tana juyawa a hankali. 'Yan ƙananan nan masu 60 ko 80 sai sun yi ta ihu kafin su yi rabin aikinta, kuma a falo da dare za ka ji su. Na biyu, hanyar iska ta zama miƙaƙƙiya: ta shiga ta gefe ɗaya ko ta gaba, ta ratsa kan firosesa da kati, ta fita ta baya ko ɗaya gefen. Leƙa ciki ka ga ko kejin had-disk bai tare gaban fankar ba. Na uku, ragar tace ƙura a kowace mashigar iska, har da ta fawa-fak, kuma wadda ake zarewa daga waje ba tare da kwance sukuru ba. Ragar da sai an buɗe akwati kafin a kai gare ta, gaskiya ba wanda ke wanke ta.

Yadda za ka jera fankokin ma da muhimmanci, kuma nan mutane da yawa ke yin akasin abin da ya dace. Sukan juya duk fankoki su riƙa fitar da iska, da tunanin zafi ake kora. In ka yi haka, akwatin zai riƙa zuƙo iska ta kowace kafa, ta ramukan USB, ta tsagar murfi, ta inda babu raga, ƙura ta cika shi. Ka sa masu shigo da iska su fi masu fitarwa yawa, misali biyu na shigarwa ta bayan raga, ɗaya na fitarwa. Iskar da ta yi yawa a ciki ita za ta riƙa tsiyaya waje ta kafofin, ƙura ba ta samu hanya ba sai ta ragar. Don gane fuskar fanka, duba gefen da ke da sandunan roba huɗu masu riƙe injinta: ta nan iska ke fita.

In akwatin da ka samu ba shi da raga, ana sayar da masu maganaɗisu da ke mannewa a jikin ƙarfe. In ba ka samu ba, yankin gidan sauro mai ƙananan ido da aka ɗame da kyau yana rage wani abu. Ramukan kati da ba ka amfani da su kuma ka bar su a rufe da ƙarafunansu. Ba ƙura kaɗai ke shiga ba. Kyankyaso da tsaka suna son ɗumin fawa-fak, kuma in suka haɗa wuta a ciki an yi asara.

Duba ƙafafunsa. In ta ƙasa yake shan iska, ƙafafun su ɗaga shi sosai, kuma kada ka ajiye shi kan kafet ko ka shimfiɗa masa ƙyalle a ƙasa. Al'adar lulluɓe kayan wuta da mayafi saboda ƙura tana da kyau in an kashe, amma a gaya wa mutanen gida a yaye shi kafin a kunna.

Sanyaya firosesa da ruwa kuwa, akwatunan kwance kaɗan ne ke da wurinsa, kuma ga irin firosesar da ta dace da su ban ga buƙatarsa ba.

Mataki na shida: ƙananan abubuwa

Waɗannan da sauri za ka duba su. Ramukan USB na gaba: shuɗi shi ne 3.0, kuma wayarsa mai kauri ce da ke neman gurbi mai fil 19 a madabod. In akwai USB-C a gaba, shi ma da irin gurbinsa daban, wanda madabod masu araha da yawa ba su da shi, sai ramin ya zauna a mace. Ma'ajiya: in SSD ɗinka M.2 ne, a jikin madabod yake kwanciya, ba ya cin wuri. In kana tara bidiyo ko hotunan aiki, tabbatar akwai gurbin had-disk mai inci 3.5, ka kuma duba ko sa shi ba zai rage tsawon katin da akwatin ke ɗauka ba. Gurbin DVD mai inci 5.25, a wasu akwatunan daidai saman firosesa yake faɗowa ya ƙara rage tsayin fanka.

Za ka iya cin karo da akwatunan saba (server, manyan kwamfutocin da ke yi wa wasu hidima) masu faɗin inci 19. Mai lamba 4U tsayinsa milimita 178 ne, yana ɗaukar ATX da cikakken kati, ƙarfensa kamar ba zai mutu ba. Sai dai zurfi da nauyi gare shi, fankokinsa kuma ba don ɗakin kwana aka yi su ba. Ga shago ko ofis mai na'urar kyamarorin tsaro ya yi daidai.

Mataki na bakwai: ranar saye

Gani ya kori ji. In a shago ne, ce wa mai kaya, "Alhaji, a taimaka a buɗe mini murfin in gani." Mai kayan kirki ba zai ƙi ba. Danna tsakiyar murfin da babban yatsa ka ji ko yana lotsawa. Shafa bakin ƙarfen ciki a hankali. Na kirki an naɗe bakinsa, na banza yana yanka kamar reza. Ɗora shi a kan kanta ka ga ko ƙafafu huɗun sun taka ƙasa, domin wanda ya sha matsa a kwantena yakan murɗe, kuma murɗaɗɗen akwati yana tanƙwara madabod. Danna maɓallin kunnawa ka ji yana dawowa. Sa'annan ka tambayi ƙullin sukurori da 'yan ƙusoshin tagulla da madabod ke zama a kansu. In babu su, a rage maka kuɗi ko a nemo maka kafin ka bar wurin.

Zaɓin na kwance a Kaduna ba shi da yawa, don haka mai yiwuwa sai ka yi oda daga Computer Village da ke Ikeja ko daga Kano. In haka ne, kada ka yarda da hoton kwali. A turo maka bidiyon ainihin akwatin, a buɗe, da tef a miƙe a cikinsa, da lambar samfurin a fili. Ku yi magana a kan wanda zai ɗauki asara in ya iso a lotse, tun kafin ka tura kuɗi. A sa shi a kwalinsa da kumfarsa, kuma in ka je karɓa a tashar Mando ko Kawo, buɗe shi nan take a gaban wanda ya miƙa maka.

Mataki na takwas: haɗawa da gwaji

Da hunturu iska a bushe take, jiki na tara wutar da kan yi tartsatsi in ka taɓa ƙarfe, kuma ita ma tana lalata RAM da madabod. Yi aikin a kan teburin katako, ba kan kafet ko katifa ba, kana taɓa ƙarfen akwatin lokaci-lokaci.

Ɗora firosesa, fankarta, RAM da M.2 a kan madabod tun tana waje, ka ajiye ta kan kwalinta, ka haɗa fawa-fak da monita ka tabbatar tana kawo hoto. Kwance kaya daga matsattsen akwati don neman abin da ya ƙi aiki ba ƙaramar wahala ba ce. Daga nan ka jera ƙusoshin tagulla daidai da hujojin madabod, ba ƙari ba ragi. Wanda ya zauna inda babu huda zai taɓa bayanta ya haɗa wuta. Tura farantin tagar baya, sa fawa-fak, ka shimfiɗa wayoyinsa kafin madabod ta shiga, musamman mai fil takwas ta firosesa, wadda ke can lungu inda hannu ba ya kaiwa daga baya. Katin girafik shi ne na ƙarshe. Yawancin akwatunan kwance ba su da ɓoyayyen wuri a bayan madabod, saboda haka tattara ragowar wayoyi ka ɗaure su a gefe, nesa da bakin fanka.

Gwajin gaskiya sai an rufe murfi an mayar da akwatin ainihin inda zai zauna. Sauke HWMonitor ko HWiNFO, manhajojin da ke nuna zafin firosesa, ka ba kwamfutar aiki mai nauyi na rabin awa da tsakar rana, ba da asuba ba. In firosesa ta tsaya ƙasa da digiri 85, ka samu yadda kake so. In tana taɓa 95, cire murfin ka sake gwadawa: in zafin ya faɗi sosai, iska ce ba ta isa ba, sai ka ƙara fanka ko ka buɗe wa kantar baya, in bai sauya ba, fankar firosesar ce ta yi kaɗan ko ba ta zauna daidai ba, sai ka cire ta ka sake shafa man da ke tsakaninsu.

Ragar kuwa, da hunturu ka zare ta duk mako biyu ka kakkaɓe, in ka wanke ka bari ta bushe ƙarau kafin ka mayar. Cikin akwatin kuma a busa shi da bulowa a farkon hunturu da ƙarshensa, a waje, bayan an zare wayar wuta, kana riƙe da kowace fanka da yatsa don kada iskar ta juya ta fiye da ƙima.